Filastar da Yaya Ta Zubar

Zuwa ga Maman Lele,

Bayan gaisuwa, tunda kin daina ɗaga wayata, ga takarda ta hannun mijinki. Lele tana wurina kuma a nan za ta zauna. Ranar da na zo taya ki wanki na ga filasta a damtsenki, na ɗauka ciwo ne. Sai ga kwalinta a durowa, har da cingam, duk an rubuta nikotin. Ashe gubar tabar kike mannawa a jiki, ki kuma ba 'yar ƙanina nono! Na kwashe su kaf na zuba a shara. Na saya mata madarar gwangwani da fida. Ranar da kika bar wannan ƙazantar, ki zo mu yi magana.

Ki huta lafiya.
Yayar mijinki.

Yaya,

Ina gaishe ki don girmanki ne kawai. Shekara tara ina shan taba, tun ina ɗinki a kamfani, kuma ban taɓa ɓoye wa ƙaninki ba. Na bari da cikin Lele, na koma bayan haihuwa, na ji kunyar kaina na tafi asibiti da ƙafata. Nas ce ta ba ni filastar nan don ta taimake ni in bar tabar. Ta ce hayaƙin ne babban abin tsoro ga jinjira, cingam ɗin kuma in tauna bayan ta gama shan nono. Sati shida ban kunna ko kara ɗaya ba, sai kika zo da iyayinki. Kin ce za ki kai ta ta ga 'ya'yanki, yau kwana uku. Nonona ya yi tauri kamar dutse, riga uku nake canjawa a wuni. Shi kuma ƙanin naki da yake busa tasa a barandarki, me kika zubar masa? Na tsane abin da kika yi mini, Yaya. Ki dawo mini da 'yata.

Wassalam.
Maman Lele.

Maman Lele,

Na ga rashin kunyarki, na gode. Ƙanina namiji ne, ba shi yake shayarwa ba. Yanzu dai ba wannan ba. Yarinyar nan ta ƙi fida, na gwada cokali tana furzarwa, kuka har muryarta ta dushe. Na kai ta asibitin naki, nas ɗin ta wanke ni tas a gaban mutane, wai wa ya aike ni. Ban ce na yarda da ita ba. Amma Lele ta faɗa, wuyanta ma ya fito. Ki zo ki ba ta nono, sauran maganar daga baya.

Sai na gan ki.
Yaya.

Yaya,

Ina yini. Jiya da rana na kasa, na sauka shago na sayi kwalin taba, na sha kara huɗu ina kuka. Wannan aikinki ne. Na koma wurin nas, ta manna mini sabuwa, ta ce in yi wanka in canja kaya in je in shayar da 'yata. Ina tafe yanzu, hannun rigata a naɗe. Ki haɗa mata kayanta, don ba zan zauna ba. In kuma kin ga filastar ta tsaya miki a rai, ki juya fuskarki bango har ta ƙoshi.

Maman Lele.