Lallen Inna Ya Tsiro

Assalamu alaikum, Yaya Sani. Ina gajiya, yaya iyali da sanyin Jos? Mu nan lafiya lau.

Na ja fangali uku a tsakar sabon gidanmu, na kewaye da duwatsu don furanni. Inna ta ce abin da ba ya shiga miya ba zai sha mata ruwa ba. Amma ta karɓe na tsakiya, ta shuka irin lallen da ta ƙullo a bakin zane kafin dam ya cinye tsohon gida. Shekaranjiya ya tsiro. Tun da muka taso, sai yau na ji ta ce "gidana."

A sa mu a addu'a. A gai da Hajara da yara.

Ƙaninka, Bala.