Inna, Baffa Isiyaku Ya Zo Neman Afuwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifiya, ina fata kabarinki yana cike da haske da yalwa. Mu nan unguwar Dar Salam ta Omdurman muna nan yadda kika bar mu, sojoji na mulki, mu muna fama. Labari ne ya kawo ni, kuma na san da kina raye sai kin ce in yi haƙuri. To ba zan yi ba.

Baffa Isiyaku, ƙanin marigayi Baba, zai tafi aikin hajji bana. Kin san al'adarmu, mai tafiya Makka sai ya bi gida gida yana neman afuwa. Shekaranjiya ya iso ƙofarmu da farar jallabiya da carbi, wai in yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Inna, wanne ne bai sani ba?

Ni dai na sani. Na san ƙafarki ta hagu tun ina ƙarama. Ƙaya ce ta soke ki a gonar auduga a Jazira, kika cire ta da allura, kika koma tsinka. Shekaru suka wuce, har muka dawo Omdurman, sannan wajen ya fara tasowa. Ba ciwo, ba zazzaɓi, sai kumburi da 'yan ramuka masu fitar da baƙaƙen ƙwayoyi kamar habbatus sauda. Duk wanda ya yi noma a Jazira ya san shi, nabti ake ce masa. Baffa Isiyaku ma a can ya girma, ya ga nabti a ƙafar mutane ba adadi.

Amma lokacin an naɗa shi shugaban lajnar unguwa, kwamitin nan da sojoji suka kafa, kuma yana so manya su ga ya iya tsabtace unguwa. Sai ya miƙe a masallaci bayan sallar Juma'a ya ce akwai mace mai kuturta tana sayar wa Musulmi abin sha. Bai faɗi suna ba. Wa yake buƙatar suna, alhali ke kaɗai ce mai godogodo, kunun nan namu na gero, da shayi a bakin tasha?

Ba a jima ba 'yan sanda suka zo kasha, wato samame, suka kwashe tukwanenki da kofuna da ɗan murhunki suka watsa a mota. Kika dawo gida da ludayi kawai a hannu.

Abin da ya fi cin raina shi ne abin da ya faru ranar sunan jaririn gidan Baffan. Mata sun kewaye tire ɗaya kamar kullum, kin wanke hannu za ki zauna, sai aka miƙo miki naki a kwanon roba, aka nuna miki gindin katanga. Kika karɓa da hannu biyu, kika yi godiya. Ba ki ci ba. Da muka fito abin da kika ce kawai shi ne, "Saudatu, kada ki gaya wa yayanki."

Ko da kuturtar ce, ai ciwo ne na Allah, ba a yi wa mutum haka. Balle ba ita ba ce.

Daga ranar nan kika naɗe ƙafar da tsumma, kika daina fita. Aka yi ta yaɗa cewa duk wanda asibiti ya gan shi da irin wannan ciwo, gwamnati za ta kai shi bayan gari ta ajiye, kuma kin yarda, don kin ga yadda ake kwashe mutane da gidajensu. Duk lokacin da Yaya Haruna ya taso daga garejin da yake aiki a unguwar Shajara ya ce a tafi asibiti a Hartum, sai ki ce gobe. Da muka kai ki daga ƙarshe, likita ya kwance tsumman ya duba ƙafar. Ya ce wannan ciwo ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum, daga ƙasa yake shiga ta wurin rauni. Ya ce da mun zo da wuri, ɗan wajen za a yanke a ba ki magani. Amma ya riga ya ci ƙashi. Aka yanke ƙafar, kuma ba ki ƙara tashi ba.

Har yau in yarana suka yi faɗa a layi, jikokin kuturwa ake ce musu.

Saboda haka na ce wa Baffa haƙƙin ba nawa ba ne, naki ne, amma ga hanya. Ya miƙe a masallacin nan da ya yi maganar, bayan Juma'a, ya ce ƙarya ya yi wa Hajara. Inna, da kin ga fuskarsa! Wai girmansa ba zai bari ba, amma zai yi miki ɗawafi, ni kuma ya kawo mini tsarabar Makka. Na ɗauke tabarmar da na shimfiɗa masa tun bai gama sa takalmi ba.

Yaya Haruna ya ce na cika taurin kai, wai ke mai yafiya ce. Gaskiya ne. Kin yafe wa masu bashin shayi, kin yafe wa matan tire. Amma ni na zauna a gefenki har numfashinki na ƙarshe, ban ji kin ce kin yafe wa Isiyaku ba, kuma ba zan ƙirƙira miki maganar da ba ki yi ba.

Ina kewarki, Innata. Ina kewar yadda kike ɗora kaina a cinyarki kina tsefe mini kitso kina mitar gashina ya yi tauri. Ban iya dama godogodo irin naki ba har yanzu.

Allah Ya gafarta miki, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya tashe ki da ƙafafunki biyu lafiya lau. Shi kuwa, ya Allah, kada Ka ɗauki ransa a ƙasa mai tsarki, kada ya sami wannan gata. Ka dawo mana da shi Dar Salam da ransa da lafiyarsa, ya riƙa wuce ƙofata kowace Juma'a, ni kuma ina zaune ina kallonsa, har ranar da zai buɗe baki. In kuma ya mutu bai buɗe ba, Inna, ki jira shi a can, kada ki ji kunyarsa.

Wassalam.

'Yarki da ba ta yafe ba,
Saudatu