Kujerar Bayan Fijo Ta Kama Hanyar Wagadugu

Salaga, 14 ga Maris, 1989

Zuwa ga ƙanena Mikaila,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Hawawu da yara, Ya kuma sa baƙunci ya zo muku da sauƙi. Mu nan muna godiya ga Allah. Zafi ya shigo da ƙarfinsa, rijiyar gida ta ja baya, mangwaron tsakar gida kuwa ya yi 'ya'ya har reshe ɗaya ya karye. Doya ta fara ƙaranci a kasuwa, amma ba mu rasa ta sakwara ba.

Saƙonka ya iso ta bakin Jibirilu ɗan Kawu, wanda ka tare a tashar Bawku. Ya ce hukumar can Wagadugu ba ta barin motar da aka shigo da ita ta ɗauki fasinja sai an sake mata lamba, an kuma kai ta wurin masu duba lafiyar motoci, abin da kuke kira bizit. Ya ce ka gyara birki, ka sake tayoyi, ka sa fitilar da ta mutu tun muna tare, har hayaƙinta ka sa an rage, amma da mai dubawar ya leƙa baya ya ga katako maimakon kujera sai ya mayar maka da takardunka. An ba ka zuwa ƙarshen wata, in ba ka kawo ta da kujerarta ba sai dai ka ajiye ta, kuma ka zaga duk masu sayar da tsofaffin kayan mota ba ka sami wadda ta shiga tsohuwar Fijo irin taka ba. Wallahi na tausaya maka. Mutum da iyali a garin da ko sunan barkono bai iya faɗa da harshensu ba, ga abin neman abincinsa a tsaye, ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka sai da na yi dariya, don kai ne ka ciro kujerar nan da hannunka saboda doya ta sami wuri, kana cika baki wai doya ba ta ƙorafin ramin hanya, ba ta kuma neman ragi. To ga shi yau ka koma lallashin fasinja.

Ka ce a ɗauko kujerar a ɗakin ajiya inda ka jingine ta. Mikaila, ba ta nan. Da damina, bayan tafiyarka, Mma ta zame a bakin rijiya ta bugu a ƙugu. An kai ta asibiti a Yendi, an yi na gida, ciwon ya lafa, amma tun daga lokacin in ta zauna a tabarma ba ta iya tashi sai an kama ta, kujerar katako kuwa ba ta jure mata. Ita ta hana a rubuta maka, wai kana fama da sabon wuri. Saaka kafinta ne ya ga kujerarka a jingine, ya kakkaɓe ta, ya yi mata ƙafafu daidai gwiwar Mma, muka ajiye ta a inuwar mangwaro. A kanta take salla, a kanta take cin abinci, a kanta take karɓar baƙi, goronta da carbinta suna cikin tsagar bayan. In ta dogara sanda tana miƙewa da kanta ta tafi bayan gida ba ta kira kowa ba. Ka san uwarmu, wannan ya fi mata komai.

Ni kam, da a ce Jibirilu ya ja ni gefe ya faɗa min, da na rufe maganar na ce maka ɓeraye sun cinye ta. Amma ka san shi da murya, daga zaure ya fara bayani, Mma tana zaune a kan abin da ake magana. Raina ya ɓaci, na ce ba inda kujerar nan za ta, ka nemi wata dabara, namiji ne kai. Ta bar ni na gama faɗana tsaf, sannan ta dafa sandarta ta miƙe ta ce, "Ashe duk watannin nan a kan abincin yarona nake zaune. Ku cire mata ƙafafun nan." Na ce to ke fa? Ta ce ita ba ta da fasinja.

Saaka ya zo ya cire ƙafafun yana ta jan tsaki, don ya fi kowa alfahari da aikin. Ƙarafan da ake ɗaure ta da su a jikin mota mun same su, ɗaya a ɗakin ajiya, ɗaya kuwa ashe shi muke tokare ƙofar akurkin kaji da shi. Na ɗaure su cikin tsumma a ƙarƙashinta tare da kusoshinsu. Wurin da fatar ta yage Mma ta lulluɓe shi da tsohon zanenta, na ce masu duba mota ba za su so ganin atamfa ba, don haka Jibirilu zai tsaya Yendi wurin mai ɗinkin kujeru a sa mata baƙar leda, daga nan ta bi lodin doya zuwa Bawku. Za ku haɗu a tasha ranar kasuwa mai zuwa kamar yadda kuka shirya, takardar nan tana hannunsa. Kada ka kai motar sai ka ɗaure ta sosai ka zauna a kai ka girgiza, kada su sami wani dalilin. Allah Ya sa ta wuce a wannan karon.

Yanzu ga abin da aka ce kada in faɗa maka. Saaka ya yi wa Mma wani benci, mun cusa masa audugar rimi, ta yaba, ta sa masa albarka, amma ba ta daɗewa a kai take cewa a mayar da ita tabarma. Ni nake ɗaga ta, safe da yamma. Jiya na dawo daga kasuwa na tarar lokacin salla ya wuce tana nan inda na bar ta, butarta a nesa, ta ƙi kiran maƙwabta. Da na yi magana sai ta ce barci ne ya ɗauke ta, alhali idonta ya nuna ta yi kuka. Ba don ka ji nauyi na faɗa maka ba, ka yi amfani da kujerarka da zuciya ɗaya, da yardarta ta ba ka. Sai dai jikinta yana raguwa, ni da nake ɗaukarta na fi kowa sani, kullum tana ƙara sauƙi a hannuna. In an ba ka takardar bizit ɗin, ka yi aikin 'yan kwanaki ka sami na mai, ka kamo hanya kafin azumi. Ita ba ta ce ka zo ba, ba kuma za ta ce ba. Ni nake cewa.

Ka gaida Hawawu, ka ce mata na ji ƙoƙarin da take yi da kai, Allah Ya biya ta. Ka shafa min kan yara. Kawu yana gaishe ku, Saaka ma ya ce a gaishe ka duk da ka ɓata masa aiki. Mma ta ce tana sa ka a addu'a bayan kowace salla, kuma ka riƙa tuƙi a hankali.

Ni ce yayarka,
Zuleha