Ramin Masai a Jikin Rijiyata

Laraba da dare, Daura

Har yanzu raina a ɓace yake. Maƙwabcina Alhaji Sule ya dage sai ya haƙa ramin masan sabon gidansa a jikin katangarmu, taku shida daga rijiyar da 'ya'yana ke sha. Yau na kawo duba-gari. Ya sa aka haƙa ɗan rami a wurin, ya cika shi da ruwa, ya tsaya yana duba agogo. Nan da nan ƙasa ta shanye ruwan tas. Aka sake cikawa, ta sake shanyewa. Ya ce rairayi ne zalla, duk ƙazantar da ta shiga nan sai ta kai rijiyata.

Alhaji ya yi dariya. "Haba Malam Bala, ai ƙasa tana tace komai."

Na ce, "To Alhaji, in an gama, daga rijiyata za a riƙa kai maka ruwan sha."

Shi da ke da burtsatse, ina ruwansa!

Duba-gari ya umarce shi ya mayar da ramin can ƙarshen filinsa. Bayan isha'i na miƙa wa Alhaji hannu a masallaci, ya kau da kai. Shekara ashirin muna sahu ɗaya. Gobe ba zan miƙa ba.