Zarto Ɗaya, Iyali Uku

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, gwiwar nan kuma ta sassauta maka.

Baba, yau kuka na kawo. Ka san ajin da nake gudanarwa duk Asabar a cibiyar unguwarmu, inda iyaye ke zuwa da 'ya'yansu su koyi aikin katako tare. Da iyali goma sha huɗu muka fara, masu harsuna biyar, yawancinsu baƙi ne da ba su daɗe da zuwa ba. Yanzu saura shida. Shugabar cibiya ta ce in ba mu kai goma ba nan da mako biyar, za ta ba masu motsa jiki ɗakin.

Abin da ya fi ƙona mini rai, babu abin da ban yi ba. Na sa an fassara takardar bayani zuwa duk harsunan. Kowane iyali da teburinsa da akwatin kayan aikinsa. Katakon ma ni nake yankawa tun ranar Juma'a, har wurin ƙusa nake huda musu, don kada kowa ya sha wuya. Su zo su haɗa 'yar kujera cikin rabin awa, su yi godiya, su kama gabansu. Ɗakin tsit kamar ana jarrabawa. Akwai wani Baban 'Yan Biyu, mai faci ne, ko guduma ba ya taɓawa, sai ya jingina da bango yana duba agogo.

Shekara arba'in kana koyar da kafintoci. A ina na kuskure?

A gaida Gwaggo. 'Yarka, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan da halinta, mun saba.

Na karanta wasiƙarki na yi dariya har Gwaggonki ta leƙo. Kin yanka, kin huda, to me kika bar musu? Da kin ƙarasa haɗawar kin aika musu gida, kin huta sun huta.

Ga shawarata. Kwashe akwatunan nan ki kulle. Fito da zarto ɗaya ga iyali uku, kuma kada ki haɗa masu jin maganar juna. Ba su dogon katako, irin wanda mutum ɗaya ba ya iya riƙewa ya yanka. Takardun fassararki su zauna a jaka. In kin ga suna yanka a karkace, sa hannuwanki a aljihu. Na san wannan ne zai fi miki wuya, don tun kina ƙarama ba ki iya ganin abu a karkace ki yi shiru.

Allah ya yi miki albarka. Babanki.

*

Baba,

Sallama da gaisuwa. Na bi maganarka, ko da yake raina bai so ba.

Minti goma na farko sai da na yi da-na-sani. Kowa ya tsaya yana kallona, ni kuma ina kallon silin. Can wata mai ɗinki ta gaji, ta jawo katako, ta nuna wa wata dattijuwa ɗaya gefen. Dattijuwar ta zauna a kai daram. Aka fashe da dariya, karo na farko ke nan da na ji dariya a ɗakin.

Da Baban 'Yan Biyu ya ga yadda mai ɗinkin ke jan zarto, sai ya kasa haƙuri. Ya bar bangonsa, ya gyara mata riƙo, yana ta bayani da harshensa, tana amsa masa da nata, kowa na gyaɗa kai. Wallahi ban san me suka fahimta ba, amma yankan ya fita. 'Yarsa ta matso ta ce mini, “Anti, ashe Babanmu ya iya.” Sai da na juya baya na share ido.

Benci uku muka yi, biyu suna ɗingishi. Hannuna yana aljihu, kamar yadda ka ce. Wannan makon mun koma takwas. Ka sa mu a addu'a.

Auta.

*

Baba,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri da shiruna, kunya ce ta hana ni rubutu.

Tara muka kai. Shugaba ta ƙirga sau biyu, ta ce ta ga ƙoƙari amma ƙa'ida ƙa'ida ce, na miƙa mata makulli. Na yi baƙin ciki sosai, har na kasa yi wa iyalan bayani mai kyau.

Jiya Asabar da hantsi ina zaune ba ni da wurin zuwa, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai ɗinki ce da dattijuwar nan. Suka kama hannuna sai shagon Baban 'Yan Biyu. Ya kwashe tsofaffin tayoyi daga rumfar baya, ya share, an jera bencinmu masu ɗingishi. Iyali goma sha ɗaya na ƙirga, har da biyu da ban taɓa gani ba.

Na tambaya wa ya shirya wannan, kuma da wane harshe. Kowa ya nuna na kusa da shi.

Wannan hikimar taka ce, Baba. Na gode.

Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Daina kira mini hikima. Lokacin da na buɗe shago zarto ɗaya gare ni don ba ni da halin na biyu, shi ke nan. Sai da na sayi guda shida na ga shagon ya yi shiru.

Nan gidan ma shirun ya ishe ni. Tambayar mini mai facin ko rumfarsa za ta ɗauki tsoho mai harshe ɗaya da gwiwa ɗaya da rabi. Zan iya riƙe katako.

Ina nan tafe ranar Juma'a.

Babanki.