Kada a Raba Azka da Kakarsa

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Ni ce Murniati, wadda duk ƙauyen nan ke kira Inaq Husnul, wato uwar Husnul. Da hankalina garau nake wannan rubutu, ba zafin ciwo ba ne, ba kuma magani ne ke magana ba. Na yi sallar asuba, na kurɓi kofi a ɓoye duk da an hana ni, na kuma san yau Laraba. A waya nake dannawa, in kun ga rubutu ya karkace, yatsa ne ya kumbura, kai lafiyarsa lau.

Zuwa gare ku 'ya'yana: Husnul babbata, da Azka ɗan autana, wanda sai ya girma za a karanta masa. Sai 'ya'yan da ban haifa ba, Tiara da Komang, ɗaliban aikin jinya da makarantarsu ta turo ƙauyenmu koyon aiki, aka sauke su a ɗakina na baya. Ban ba su wasu shekarun kirki ba, amma suka liƙa mini Inaq, ni ma na karɓe abina.

Gobe za a kai ni babban asibitin birni. Zuciyata ce ta kumbura tun haihuwar Azka, ta ƙi komawa daidai. Likita bai yi mini rufa-rufa ba, ya ce za su yi iya yinsu. In na dawo, mu goge wannan mu sha dariya. In ban dawo ba, ga abin da nake so.

Ku sani, ba mutuwa ce ta dame ni a watannin nan ba. Hannun da zan bar Azka ne. Babanku yana Malesiya yana yankan kwakwar manja, lokacin dawowarsa da saura. In ba ni, mai riƙe gida ita ce uwarsa, Papuq Saimah, wato kaka Saimah. Ita kuwa tari ya kama ta, har babanku ya ce a waya a kai Azka wajen yayata a can bakin teku, Husnul ta zauna nan saboda makaranta. Wato a raba mini 'ya'ya kamar 'yan tsaki a kasuwa. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan.

Na ɗaya. Husnul, 'yan kunnena na zinari naki ne, da zanen saƙa na aurena. Kada ki sa su zuwa makaranta don yanga, na san halinki. Ba mai bi na kuɗi. Amma akwai tukunyar Inaq Rohani maƙwabciya da na ara tun bikin sunan Azka, tana ƙarƙashin gado, a mayar mata a ce na ce ta yafe. Ta sani sarai, kunya ce ta hana ta tambaya.

Na biyu. Wayar nan ta Papuq ce. Ee, Husnul, na hango bakinki ya yi tsawo. Yi haƙuri ki ji dalili, ku ma Tiara ku saurara ko da kun san labarin, don Azka nake ba da shi.

Azka, lokacin kana wata uku nonona ya ja baya saboda ciwo, aka sa ka a madarar gwangwani. Kakarka ta ce ba ta yarda ba, ruwa ba ya riƙe cikin ɗa namiji. Sai ta koma abin da iyayenmu suka saba: ta tauna shinkafa lilis a bakinta, ta ɗora ka a cinya, ta dinga tura maka da yatsa. A wajensu ba ciyarwa kawai ba ce. Cewa suke yaron da bai ci taunar kakarsa ba, ba zai san ta ba in ya girma. Ni na san bai dace ba, shekarata nawa ina aikin sa-kai a ranar awon yara, ni ke rataye jarirai a sikeli ina gaya wa mata kada a ba su abinci sai sun cika wata shida. Amma gaya wa matan gari daban, gaya wa uwar miji daban, balle ina kwance, in na yi magana mai tsawo numfashi ya tsere. Ga ta kuma tana tari tun kafin azumi, tana ramewa, ta farka rigarta sharkaf da gumi, ta ce hayaƙin murhu ne.

Ana nan sai ga ɗaliban nan. Suka bi gida-gida da tambaya: ina masai, ina rijiya, wa ke da ciki, wa ke tari. Su suka fara cewa tarin Papuq ba na hayaƙi ba ne, a gwada kakinta. Gaskiyarsu. To amma aikin makarantarsu ya ce in sun gama zagaye su tara mutanen ƙauye su nuna abin da suka gano. Aka cika ɗakin taro, shugaban ƙauye na gaba, aka kunna majigi. Sai ga hoton tsohuwa ɓaro-ɓaro a bango tana tura wa jariri shinkafa da yatsa, an rubuta a ƙasa wai halin da ke jawo cuta. Sun ja baƙin layi a idanunta, wai haka ake yi kada a gane mutum. Ku ji fa! A ƙauyen da ake gane kazar kowa da tafiyarta. Ga zanenta mai ruwan goro, ga rumfar gorarmu ta tsakar gida, har da butar nan tamu mai fasasshen baki. Wata daga baya ta ce, “Laa, Papuq Saimah ta shiga talabijin!” Ɗaki ya ɗauki dariya.

Ba na wajen, amma kafin ta iso gida hoton ya riga ta shiga wayata ta zauren matan unguwa. Ta shigo ko sallama babu, ta ce, “Da bakin nan na tauna wa ubansa, ga shi can yana ɗaukar kwakwa kamar ɓauna. Yau yaran da ko shinkafa ba su iya dafawa ba za su rataye ni a bango?” Ta ce in suka sake taka rumfarta sai ta watsa musu ruwan wanke kifi. Ɗan kwanon gwajin da suka ba ta kuwa, barkono ta zuba a ciki.

Tiara ta yi kuka har idonta ya kumbura. Komang ta ce, “Inaq, mu tattara mu koma ko?” Na ce ku koma ina, ku kuka ɓata, ku za ku gyara. Suka cire fararen kaya suka ɗaura zane, suka sayo ganyen sirih da take taunawa, da sukari da kofi, suka je suka zauna a ƙasa gindin rumfa, ita tana sama. Ko kallonsu ba ta yi ba. Washegari suka koma. Ta turo musu tulin zogale ta ce, “Tunda ba ku da aikin yi, ku tsige.” Suka tsige. Haka suka yi ta zuwa kullum da la'asar, ba wanda ya ambaci tari. Ta sa wa Komang suna Mai Gilashi, tana ce mata, “Ido huɗu, amma ba ki ga tsinke a miya ba?” Komang ta ce, “Papuq, biyu na kallon zogale, biyu na kallon kada ki watso ruwan kifi.” Ranar na ji dariyar Papuq daga ɗaki, dariyar ta ƙare da tari mai tsawo.

Da tarin ya lafa Tiara ta ce mata a hankali, “Papuq, kin ga Inaq ba lafiya. In tarin nan ya kayar da ke, wa zai goya Azka?” Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Can tsohuwa ta ce, “Kawo wani kwanon, wancan na sa barkono.”

Aka gwada, tarin fuka ne. Aka ɗora ta a magani na wata shida. Aka duba duk gidan, Allah ya rufa asiri bai kama kowa ba, aka ba ku maganin kariya, kai da yayarka. Aka ce ta sa takunkumi, ta koma kwana ita kaɗai, a buɗe tagogi, ta daina rungumarka fuska da fuska sai an sake gwaji, don ta numfashi cutar ke bi. Wannan ya fi mata ɗacin magani. Sai ta tsaya bakin ƙofa tana yi maka wasa daga nesa, kana miƙo hannu, ta juya baya wai wani abu ya faɗa mata a ido.

To ga dalilin waya. Maganin nan dole wani ya ga an haɗiye shi kullum, kuma ni ce mai gani. Tiara da Komang sun gama aikinsu sun koma birni, amma sun yi alkawari kowace safiya ɗaya za ta kira ta bidiyo ta ga ta sha. Na koya wa Papuq danna koren maɓallin amsa kira. Har yanzu kunnenta take nuna wa mai kira, Husnul ki dinga juya mata. Hotunan da ke ciki kuma kada a goge ko ɗaya, har waɗanda na yi muni.

Na uku, naku ne ku biyu, Tiara da Komang. Ban wuce aji uku na sakandare ba, ba zan koya muku aikinku ba, iliminku ne ya tsare mini ɗa. Abin da na gani da idona kawai zan faɗa. Tarin da ya wuce mako biyu, kada ku yarda da “hayaƙi ne”, ku nace. In kun samu mutum ɗaya, ku duba duk wanda ke kwana a gidan, ƙananan yara a gaba. Ku gaya wa mai shan magani tun ranar farko cewa fitsarinsa zai yi ja, don Papuq ta kusa zubar da maganinta a rijiya da ta gani, ta ce jini ne. Ku gaya masa kuma zai ji sauƙi tun magani bai ƙare ba, a nan ne mutane ke yarwa, ciwo ya dawo da taurin kai. Ranar awo in uwa ba ta zo ba, kada ku ce taurin kai ne, ku bi ta gida. Sau da yawa kunya ce, ɗanta bai ƙara nauyi ba, ba ta son a faɗa a gaban mata. Ku faɗa mata a kunne. Hoton mutum kuwa, ba sai na ce komai ba. Abu ɗaya nake roƙo, ku daina sunkuyar da kai in an tuna. Papuq ta yafe, har cewa ta yi in tambaya ko Mai Gilashi ta samu miji. In aka ba ku ɗalibai wata rana, ku ba su labarin da bakinku, kuna dariya.

Rigata ta 'yan sa-kai ku ba duk wadda ta karɓi wurina. Aljihun hagu ya huje.

Na huɗu. Amaq Husnul, mijina, wannan naka ne, Husnul ta karanta maka a waya. Fushin da kake yi da uwarka, wai ta kusa sa wa ɗanka cuta, ka bar shi haka. Ba ta sani ba, da ta sani kuma ta yi abin da ya fi ƙarfin mutane da yawa. Ka kira ta, ba ta hannun Husnul ba, kai da bakinka. Yayata kuma ka yi mata godiya, ka ce ba sai ta gyara ɗaki ba.

Don jiya sakamakon gwaji na biyu ya fito. Tiara da kanta ta hawo babur daga birni ta biya ƙaramin asibiti ta karɓo, tun daga bakin hanya take kwaɗa mini kira. Kakin ya fita tas. Nas ta ce Papuq ta ci gaba da magani har ƙarshe, amma ta ɗauki jikanta yadda take so. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhun shinkafa daga ƙirji, numfashin da na ja rabona da irinsa tun kafin haihuwa.

Kuma ka ga ikon Allah, Azka ya cika wata shida a makon nan. Papuq ta wanke hannu har gwiwa, ta dama shinkafa da kifi da zogale a sabon ɗan turmi, ta ɗora shi a cinya. Ta ɗebo a cokali ta tsaya tana harararsa, ta ce, “Ɗan ƙarfe zai yi aikin bakina, duniya ta ƙare.” Ta yi bisimilla ta ba shi. Ya haɗiye, ya kama yatsanta ya ƙi saki. Ta ce, “Kun gani? Ya san ni.” Ta cusa hanci a wuyansa tana shaƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Na biyar, kuma shi ne wasiyyar gaba ɗaya. Kada a raba Azka da kakarsa, kada a raba shi da yayarsa. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, har babansu ya dawo ya same su. Papuq, saura wata huɗu, ki shanye shi duka ko don yaron nan, na bar miki amana kuma ban bar ta da fargaba ba. Husnul, in kin yi kewata ki yi kuka son ranki, sannan ki tashi ki ci abinci. Ki yi wa kakarki biyayya, in ta yi faɗa ki bari ta gama, ba ta daɗewa. Azka, ba ka san ni sosai ba, amma ka tambayi kowa, za a ce maka uwarka ta cika surutu kuma ta so ka.

Duk wanda na ɓata wa, a baki ko a waya, ya yafe mini, ni na yafe wa kowa. Allah ya raya ku, ya shirya ku, ya haɗa kanku. Tiara da Komang, Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya sa hannunku ya zama waraka ga mutane, gidan nan gidanku ne ko ina nan ko ba na nan. Allah ya ƙara wa Papuq lafiya da nisan kwana, ta ga auren Azka, ta yi wa amaryar tsiya.

Ku riƙe juna. Ni zan tafi asibiti da zuciya mai ciwo, amma a kwance take.