Rasuwar Farfesa Ba-haka-ba da Batun Rumbunsa

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Mai Duka, ni Shugaban Majalisar Dattawan Masana Tattalin Arziki, a madadin shehunnan malamai, farfesoshi masu ci da masu ritaya, da sauran masu manyan riguna, nake sanar da jama'a cewa labari ya iske mu na rasuwar abokin aikinmu, dattijon da ɗalibai suka laƙaba wa Farfesa Ba-haka-ba, saboda kalmar da ya fi faɗa a duk zaman da muka yi da shi.

Marigayi ya ƙare rayuwarsa yana koyar da abin da ba mu so a koyar. Ya ce kasuwa ba ta gyara kanta, mutane ne ke gyara ta ko su ɓata ta. Ya ce aikin da mace ke yi a gida tun asuba aiki ne, ko da littattafanmu ba su san da shi ba. Ya ce in kaya sun yi tsada a fara leƙa shagunan ajiyar manyan 'yan kasuwa kafin a ɗora wa albashin lebura laifi. A kan haka Majalisa ta mayar masa da rubuce-rubucensa ba a ko buɗe ba, ta ba shi ofis kusa da banɗaki, mai taga ɗaya da fankar da ta mutu.

Daga wannan ofis ya buɗe rumbu a intanet, ya zuba darussansa, da tambayoyin jarrabawa, da binciken da muka ƙi bugawa, da muryarsa yana bayani da harshen da mai shayi ma zai gane, duk kyauta. Malaman wasu ƙasashe da aka toshe wa baki irin nasa suka riƙa kawo nasu suna ajiyewa. Akwai ɗaliba da ta kira gidansa tana kuka, ta ce babin ƙarshe na bincikenta a kan abin da ke rumbun nan ya dogara.

Sai dai rumbun yana ƙarƙashin akwatin saƙonsa na imel na wurin aiki, kuma ƙa'idar ofishin kwamfuta ita ce, da zarar sanarwar rasuwar ma'aikaci ta iso, a goge akwatinsa da duk abin da ke rataye da shi kafin wata ya ƙare. Majalisa ta san da haka. Mun je gidan marigayi, mun zauna a kan tabarmarsa, mun sha ruwansa, matarsa ta roƙe mu daga bayan labule a bar masa rumbunsa, muka ce mata ƙa'ida ƙa'ida ce, Hajiya a yi haƙuri. Kafin mu tashi kuma muka tambayi makullin ofis. Abin kunya ne, kuma mun ji kunyar.

Saboda haka Majalisa ta yanke cewa ba za a goge rumbun nan ba, za ta ɗauke shi ta riƙe a buɗe ga kowa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya ba matarsa da 'ya'yansa da jikokinsa juriyar wannan rashi.

To, jama'a, a nan zan cire rigar aro. Shugaba bai rubuta ko harafi ɗaya ba, bai kuma yanke komai ba. Ni ne, jikan marigayi na wajen 'yarsa, iyakar karatuna allo, boko kuwa a waya na tsince shi. Na san in na sa sunana a sama babu mai karantawa har nan. Duk wanda ya samu wannan saƙo ya shiga rumbun yau, ya kwashi abin da wayarsa za ta iya ɗauka, ya tura wa na gaba.

Shi kuma Shugaba, ranka ya daɗe, kafin saƙon nan ya iso gare ka ya riga ya bazu da sunanka, har an fara yi maka addu'a. Ko ka cika alkawarin da na yi a madadinka, ko ka fito gaban mutane ka ce kai ba ka ji kunyar ba.

Sa hannu,
Sarkin Tsokana, kamar yadda Kaka ke kirana,
Mai ɗinkin kujerun mota.